Saita gudun RAM a wani shago kusa da Wunti: yadda aikin ya kasance

Ana saura mako uku a fara azumi na ɗora kwamfutar da nake aiki da ita a keke napep daga Yelwa zuwa cikin garin Bauchi, domin na gaji da yadda take jan ƙafa duk lokacin da na ɗora mata bidiyo mai nauyi. Sana'ata haɗa bidiyo ce, na biki da na walima da na taro, kuma idan Ramadan ya kama akan ba ni aikin tace karatun tafsirin wani masallaci a unguwarmu, wanda ake ɗauka da yamma, a gyara da dare, a fitar kafin gari ya waye. Aiki irin wannan ba ya haƙuri da na'ura mai nawa. Wani abokin sana'a ne ya kwatanta mini wani shagon gyaran kwamfuta da ke kusa da kasuwar Wunti, ya ce mai shagon ya san harkar RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai a ciki, sani na haƙiƙa, wanda ya wuce cusa ta a rami a rufe murfi. Na je, na kwana biyu ina kai da komowa, kuma ina ganin abin da na gani a can zai amfani duk wanda ya sayi RAM mai tsada amma bai taɓa bincika ko tana gudun da aka rubuta a jikinta ba.

Kwamfutar tawa ta tebur ce, haɗaɗɗiya na saye ta a hannun wani ɗan kasuwa fiye da shekara guda da ta wuce. A cikinta akwai furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, Ryzen 5 5600G ta kamfanin AMD, wadda ta fito a 2021, mai ƙwayoyin aiki shida, da madabod, wato babban faifan da ake jona dukkan sassan a kai, nau'in B550, da sandunan RAM biyu na DDR4 masu gigabait 8 kowanne. A jikin takardar da ke manne da sandunan an rubuta 3600, sannan an jera wasu lambobi huɗu: 18-22-22-42. Ba ni da katin hoto na daban, domin wannan furosesa tana ɗauke da nata sashen sarrafa hoto a ciki, kuma shi ne dalilin da ya sa na zaɓe ta tun farko. Abin da ke damuna shi ne idan na jera ɗaukar kyamara biyu ina so in kalle su tare, sai hoton ya riƙa tsalle yana barin murya a baya, har sai na rage ingancin kallon ƙasa sosai. Na daɗe ina ɗora laifin a kan furosesar, har na fara tambayar kuɗin katin hoto.

Shagon ƙarami ne, ɗaki ɗaya da rumfa a gaba, cike yake da kwamfutocin hannu na tokumbo da ake jiran a gyara, da yara uku masu koyon aiki. Mai shagon, wanda yaran ke kira Oga ni kuma na riƙa kiransa Injiniya, bai yi gaggawar kwance na'urar ba. Ya haɗa ta da allo, ya kunna, ya buɗe wata ƙaramar manhaja kyauta mai suna CPU-Z daga filash ɗinsa, ya shiga shafin da ke nuna bayanan RAM, sannan ya juyo da allon wajena ya ce, "Malam, duba nan da kanka." A inda ake nuna yawan hanyoyin da bayanai ke bi, an nuna guda ɗaya. A inda ake nuna bugun agogon RAM, an rubuta adadi kusa da 1333. Wannan ɗabi'a ta nuna wa mai kaya matsalar da idonsa kafin a taɓa komai ita ce abu na farko da ya burge ni, domin da yawa daga cikin masu gyara sukan shige da na'ura ciki su fito su faɗa maka kuɗi kawai.

Bayanin waɗannan abubuwa biyu shi ne ginshiƙin duk aikin. RAM nau'in DDR tana aika bayanai sau biyu a kowane bugun agogo, saboda haka 1333 da aka gani yana nufin sandunan suna aiki a kan 2666, wato sau miliyan 2666 na aikawa a cikin daƙiƙa guda, alhali na biya kuɗin 3600. Da suna gudunsu na gaskiya, da manhajar ta nuna 1800. Matsala ta biyu kuwa ta fi wannan girma. Madabod ɗin yana da ramuka huɗu, biyu na hanya ta farko, biyu na hanya ta biyu, wanda ya haɗa mini na'urar kuma ya sa sandunan biyu kusa da juna, duk a kan hanya ɗaya. A yawancin irin waɗannan madabod, littafin da ke zuwa da su yana cewa idan sanduna biyu ne a sa su a rami na biyu da na huɗu in an ƙirga daga wajen furosesa, waɗanda ake yi wa alamar A2 da B2. Injiniya ya ɗauki biro ya yi lissafi a bayan wata tsohuwar takarda: kowace hanya tana ɗaukar bait 8 a kowace aikawa, don haka 2666 a hanya ɗaya ya ba da kimanin gigabait 21.3 a daƙiƙa, yayin da 3600 a hanya biyu ya ba da gigabait 57.6. Wannan iyakar lissafi ce ta takarda, na'ura ba ta cika kaiwa can a aikace, amma tazarar da ke tsakanin adadin biyu ta isa ta nuna mini irin asarar da na yi shekara ina tafkawa.

Na tambaye shi ko yaudarata aka yi aka manna takardar ƙarya a jikin sandunan. Ya ce a'a, sandunan na gaskiya ne, ya kuma nuna mini shaida a wani shafi na manhajar. A jikin kowace sanda akwai wani ɗan ƙaramin guntu da ake kira SPD, wanda ke ɗauke da jerin saitunan da sandar za ta iya aiki da su. Wasu daga cikin saitunan na ƙungiyar JEDEC ne, wadda ke tsara ƙa'idojin masana'antar, ita ce ta fitar da ƙa'idar DDR4 a 2012 da ta DDR5 a 2020. Saitin JEDEC na lumana ne, an yi shi don ya tashi a kowace na'ura, kuma a DDR4 yana amfani da ƙarfin wuta volt 1.2. Shi madabod yake ɗauka da kansa idan ba a ce masa komai ba. Adadi mai girma da ake bugawa a kwali kuwa yana cikin wani saiti na dabam mai suna XMP, wanda kamfanin Intel ya ɓullo da shi a 2007 zamanin DDR3, kuma yawanci yana buƙatar volt 1.35 a DDR4. Wannan saiti ba ya kunna kansa, sai mutum ya shiga BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod inda ake saita na'ura kafin Windows ta tashi, ya zaɓe shi. A madabod na AMD wasu kamfanoni sun sa masa wani suna, ASUS na kiransa DOCP, MSI na kiransa A-XMP, amma abu ɗaya ne. Injiniya bai ɓoye mini ba cewa iyakar gudun da AMD ta lamunce wa wannan furosesa a hukumance shi ne 3200, kuma duk abin da ya haura haka ana ɗaukarsa a matsayin tura na'ura gaba da ma'auninta, ko da yake jama'a da yawa suna yin hakan lafiya lau.

Inda na fi ƙaruwa shi ne bayanin lambobin nan huɗu, waɗanda a da nake ɗauka lambar kamfani ce kawai. Bayanai a cikin RAM a jere suke layi layi, kuma kafin a ɗauko wani abu sai an buɗe layin da yake ciki. Injiniya ya yi mini misali da masu sayar da atamfa da ke maƙwabtaka da shi. Idan mai saye ya nemi wani turmi, sai an fara kwance dilar da turmin yake ciki, wannan lokacin kwancewa shi ne lamba ta biyu, tRCD. Daga sa'ad da aka nuna turmin zuwa sa'ad da ya iso hannun mai saye, wannan ita ce lamba ta farko, CL, wadda aka fi tallatawa. Idan kuma abin da ake nema na gaba yana cikin wata dila, sai an ɗaure wannan kafin a kwance waccan, lokacin ɗaurewar shi ne lamba ta uku, tRP. Ta huɗu, tRAS, ita ce mafi ƙarancin lokacin da dila za ta zauna a buɗe kafin a yarda a ɗaure ta. Dukkansu ana ƙirga su ne da bugun agogo, kuma a nan ne mutane ke ruɗewa, domin bugun agogon sanda mai sauri ya fi gajarta. Don a san jinkirin na gaskiya, sai a ninka CL sau 2000 a raba da adadin gudun, abin da ya fito shi ne nanosakan, wato kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa. Da wannan lissafi, 3600 mai CL18 tana da jinkirin nanosakan 10, haka ma 3200 mai CL16 nanosakan 10 ne cif. Ita kuwa 2666 mai CL19 da na'urata ke kai, jinkirinta ya haura nanosakan 14, yayin da 3600 mai CL16, wadda ta fi tsada, take ƙasa da 9 da kaɗan. Wanda ya riƙe wannan ɗan lissafi a kansa, da wuya mai shago ya ruɗe shi da babbar lamba a kwali.

To, wanne ya fi muhimmanci, yawan abin da ake kwasowa a daƙiƙa ko gajartar jira? Amsar ta danganta da aikin mutum, kuma a nawa aikin Injiniya ya ce yawan kwasowa ne a gaba. Sashen hoton da ke cikin furosesata ba shi da tasa ma'ajiyar kamar yadda katin hoto na daban yake da ita, daga RAM ɗin kwamfutar yake yankar rabonsa, don haka duk ƙuncin da hanyar ta yi, shi ne farkon wanda zai ji a jikinsa. Akwai kuma wani abu da ya keɓanta da furosesocin Ryzen: hanyar sadarwar da ke tsakanin sassansu, mai suna Infinity Fabric, ta fi aiki da kyau idan agogonta ya yi daidai da agogon RAM, wato 1600 ga mai 3200, ko 1800 ga mai 3600. Idan aka tura RAM sama har agogon biyu suka rabu, jinkiri yakan ƙaru, mutum ya ga lamba ta hau amma aiki bai ƙaru ba.

Kafin ya taɓa saitin, ya lura cewa BIOS ɗin madabod tsoho ne, kuma sababbin fitowa sukan gyara yadda madabod ke hulɗa da nau'o'in RAM. Sai dai bai yarda ya sabunta shi a kan wutar gari ba. Ya zare filogin ya mayar kan inbatar shagon da ke haɗe da sola, ya duba cajin batir, sannan ya fara. Ya ce idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubuta BIOS, madabod na iya mutuwa gaba ɗaya, kuma ba kowane madabod ke da maɓallin farfaɗowa ba. Duk wanda ke zaune a Bauchi ya san wannan tsoro yana da dalili. Bayan an gama, ya mayar da sandunan ramukan da suka dace, ya hure ƙurar hunturu da ta taru a ciki, ya shiga BIOS ya kunna saitin XMP, na'urar ta tashi, CPU-Z ta nuna hanya biyu da agogo 1800. Da a nan aka tsaya, aikin bai wuce na awa ɗaya ba.

Ni ne na tsawaita shi. A aljihuna akwai wasu sanduna biyu na hannu, su ma gigabait 8 kowanne, waɗanda na saya a wajen wani da ya sayar da kwamfutarsa gunduwa gunduwa. A jikinsu an rubuta 3200 da 16-18-18-38, kuma kamfaninsu daban ne da na farkon. Burina shi ne in cika ramukan huɗu in samu gigabait 32, domin na sha ganin gigabait 16 ta cika maƙil idan ina aikin biki mai tsawo. Injiniya ya juya sandunan a hannunsa ya ce shi ba ya son gauraya. Dalilinsa shi ne kamfanonin da ke buga sunansu a jikin sanda yawanci ba su ne ke ƙera ƙwayoyin da ke ciki ba, mafi yawan ƙwayoyin duniya daga kamfanoni uku suke fitowa, Samsung da SK hynix na Koriya ta Kudu da Micron na Amurka, kuma kowane irin ƙwaya yana da halinsa. Sandunan da aka sayar a kwali ɗaya an gwada su tare, waɗanda aka tsinto daga wurare biyu kuwa babu wanda ya taɓa gwada zamansu tare. Ya ƙara da cewa sanduna huɗu sun fi biyu nauyi a kan sashen furosesa mai kula da RAM, shi ya sa ma adadin da kamfani ke lamuncewa yake sauka idan an cika ramuka. Na nace, ya ce, "To Malam, za mu gwada, amma sai ka bar mini ita ta kwana."

A gwajin farko ya bar su a 3600 don mu ga iyakarsu. Na'urar ta tashi, Windows ta buɗe, har na fara murna. Sai ya kashe ta ya tayar da ita daga filash mai ɗauke da MemTest86, manhajar da ke cika RAM da lambobi iri iri tana karanta su tana duba ko sun canza. Ba a gama zagaye na farko ba jajayen layuka suka fara fitowa a allo. Wannan ya tsaya mini a rai, domin da a gida nake ni kaɗai, da na ga Windows ta buɗe na ce aiki ya yi. Kuskuren RAM ba kullum yake zuwa da shuɗin allon nan da Windows ke nunawa idan ta tsaya cak ba. Wani lokaci manhaja ce za ta rufe kanta ba dalili, wani lokaci kuma fayil ne zai lalace a ɓoye, sai ranar da aka zo buɗe shi a tarar ya ƙi. Ga mai riƙe da bidiyon ɗaurin auren mutane, wanda ba za a sake ɗaura shi don an yi asarar hoto ba, wannan hatsari ne da bai kamata a kusance shi ba.

Yadda ya nemo saitin da ya zauna shi ne ainihin gwanintar da na biya kuɗi dominta. Bai yi ta canza lambobi da ka ba. Ya sauko da gudun zuwa 3200, wanda shi ne iyakar sandunan hannun, ya bar wuta a volt 1.35, sannan ya mayar da lambobin sandunan farko zuwa nanosakan don ya ga abin da suke buƙata a sabon gudun. CL18 a 3600 nanosakan 10 ne, wanda a 3200 ya zama CL16, don haka a nan sandunan huɗu sun yi daidai. Amma 22 a 3600 ya kai nanosakan 12.2, wanda a 3200 ya kusa bugu 20, ke nan idan aka tilasta wa sandunan farko 18 ɗin da ke jikin na biyun, an matse su fiye da abin da aka gwada su a kai. Saboda haka ya rubuta 16-20-20-40 da hannu, wato ya bi mai rauni a kowace lamba, ya ɗan ƙara wa ta ƙarshe sarari, ya daidaita agogon Infinity Fabric a 1600. Ya kuma dage cewa ba gwajin dare kaɗai za a dogara da shi ba, sai an sake wani da tsakar rana. Kowace ƙwayar bayani a cikin RAM ɗan caji ne da ke zurarewa a hankali kamar ruwa a tulu mai tsaga, shi ya sa ake sabunta dukkansu cikin kowane kashi 64 cikin dubu na daƙiƙa, kuma zafi yana ƙara saurin zurarewar, har ƙa'idar ta ce idan ƙwayar ta haura digiri 85 a ninka yawan sabuntawar. Sandunanmu ba su kai kusa da can ba, amma saitin da ke bakin gaɓa yakan wuce gwaji da sanyin asuba ya faɗi da zafin azahar na watan Maris ko Afrilu, a ɗakin da ba na'urar sanyaya iska. Washegari bayan la'asar na dawo na tarar ta gama zagaye huɗu sau biyu, babu jan layi ko ɗaya.

Na yi azumin gaba ɗaya da wannan saiti. Bambancin da na fi gani shi ne a wajen kallon aiki ana cikin gyara: ɗaukar kyamara biyu tana tafiya tare da murya ba tsalle, kuma ban sake rage ingancin kallo zuwa ƙasa ba. Lokacin fitar da bidiyo ya ragu, amma raguwar ba ta kai yadda na yi zato ba, domin wannan ɓangare ƙarfin furosesa ya fi dogara a kai. Buɗe Windows da shiga intanet kuwa ban ga wani canji ba, kuma Injiniya ya faɗa mini haka tun farko, cewa wanda aikinsa rubutu ne da lissafin ofis kada ya sa rai da yawa. A ra'ayina, mafi yawan ribar daga mayar da sandunan hanya biyu ta fito, sai ƙarin gigabait 16 da ya hana na'urar komawa kan SSD, ma'ajiyar fayiloli ta dindindin, tana aron wuri, sannan gudun ya biyo baya. Ban yi nadamar barin 3600 ba ko kaɗan. Ga mai aiki irin nawa, gigabait 32 a 3200 da ta ci gwaji ta fi gigabait 16 a 3600 amfani nesa ba kusa ba.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba a shagon, kuma adalci ne in faɗe su. Na farko shi ne yadda yaran ke riƙe kaya. Na ga ɗaya daga cikinsu ya kwaso sandunan RAM na wani mutum a tafin hannu kamar goro, yatsunsa a kan haƙoran zinaren da ke shiga rami, ya zuba su cikin kwali ɗaya da sukurori. A lokacin iskar hunturu da jiki ke tara caji har mutum ya ji tartsatsi in ya taɓa ƙarfe, wannan sakaci yana iya kashe sanda, kuma gumin hannu yana dusashe haƙoran. Shi Injiniya yana riƙe su ta gefe, yana taɓa ƙarfen akwatin kafin ya sa hannu, amma ban ga ya tsawata wa yaron ba. Na biyu, babu rasit kuma babu wata takarda da ke nuna abin da na bari a shagon, sai amana kawai, alhali na'ura ce mai ɗauke da aikin mutane ta kwana a can. Na uku, ba a faɗa mini kuɗin aiki ba sai da aka gama. Kuɗin bai yi yawa ba idan aka dubi lokacin da aka ɓata da wutar inbata da aka ci, na biya da daɗin rai, amma ya fi kyau a yanke magana tun farko. Wurin zama ma babu na kirki, benci ɗaya ne a rumfa, kuma rana tana cin rabinsa da yamma.

Ina zaune a bencin ne wani ɗalibin Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ya zo da kwamfutar hannu yana neman a sa masa irin sandar masu wasan kwamfuta, mai babbar lamba. Yadda Injiniya ya amsa masa ya ƙara mini yarda da shi, domin ya hana kansa ciniki. Ya ce masa yawancin kwamfutocin hannu da na ofis irin na HP da Dell da Lenovo da suka cika kasuwarmu ba su da wurin kunna XMP a BIOS ɗinsu, don haka sandar da sai da XMP take kai 3200 za ta faɗo kan saitinta na JEDEC mai ƙasa, kuɗin ya tafi a banza. Abin da ya dace da irin wannan na'ura shi ne sandar da gudunta na asali ne, wadda ake rubuta wa PC4-3200AA ko PC4-2666V a jiki, mai volt 1.2, ko da CL ɗinta ya kai 22 ko 19. Ya kuma duba iyakar furosesar yaron ya ga 2666 ce, ya ce ko an sa mai 3200 a can za ta tsaya. Shawararsa ita ce a ƙara sanda ta biyu daidai da ta ciki a cika ramin da ke fanko, a samu hanya biyu. Ga masu tsofaffin na'urori kuma ya yi gargaɗi a kan bambancin DDR3 mai volt 1.5 da DDR3L mai volt 1.35, wadda ake rubuta wa PC3L, domin akwai kwamfutocin hannu da ba sa tashi sai da ta biyun.

Game da DDR5 ba mu yi doguwar magana ba, tun da madabod ɗina ba ya karɓarta, kuma ba ta shiga ramin DDR4. Lissafin dai bai canza ba. Mai 4800 da CL40 jinkirinta ya haura nanosakan 16, mai 6000 da CL30 kuwa nanosakan 10 ne, daidai da sandunana. A can ma sai an kunna saitin da hannu, ko XMP 3.0 na Intel, ko EXPO da AMD ta fitar a 2022 tare da furosesocin Ryzen 7000.

Da zan tafi na roƙe shi ya rubuta mini lambobin a takarda, ya rubuta: 3200, da 16-20-20-40, da volt 1.35, da 1600. Ya ce in adana ta da kyau, domin saitin BIOS yana rataye ne a kan ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke jikin madabod, CR2032, kuma ranar da ya mutu, ko aka sabunta BIOS, komai zai koma yadda yake na'urar ta sake faɗawa ƙasa ba tare da ta sanar da kowa ba. Ya nuna mini yadda ake cire batirin na ɗan lokaci don goge saiti idan wata rana na yi kuskure allo ya ƙi kawo hoto. Na manna takardar da salatif a cikin murfin akwatin, kuma tun daga lokacin nakan buɗe CPU-Z a farkon kowane wata in tabbatar agogon yana nan a 1600 kuma hanyoyin biyu ne. Bayan Babbar Sallah, idan ayyukan biki sun kawo abin da nake fata, zan sayar da sandunan huɗu in sayi biyu masu gigabait 16 a kwali ɗaya kamar yadda ya ba ni shawara tun farko, kuma wajensa zan kai a gwada su kafin in ɗora musu aikin kowa.